Takin Iska da 'Yar Kwalba

Litinin, da la'asar

Yau an kwance mini zani a kasuwa, ni da ko zanin ba na ɗaurawa.

A taron sashenmu ne. Na tsaya gaban Farfesa da sauran malamai ina nuna hotunan kwalabena, ruwan ciki shuɗi kamar an jiƙa bula. Na yi musu bayanin da na saba yi wa Yaya in ya kira ni daga gona. Mafi yawan iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin shuka, amma shuka ba ta iya cinsa haka nan. Ƙwayoyinsa bibbiyu suke tafiya, aure ne mai igiya uku, ba ya mutuwa da sauƙi. Manyan masana'antu da zafi mai tsanani da matsi suke raba auren kafin su sami amoniya, uwar takin zamani, hayaƙin da suke zubarwa kuwa ba a magana. Mu so muke mu raba shi da lalama: hoda, ruwa, hasken rana. Hodata rawaya ce, semikondakta, dangin abin da ake yin farantin sola da shi. In haske ya sauka a kanta sai ta farka, ta zama kanwa uwar gami tsakanin iska da ruwa. In amoniya ta samu, na ɗiga magani, ruwan ya koma shuɗi.

Ina gamawa Sai-na-gani ta ɗaga hannu. Babbar malama ce a sashen, ta girme ni nesa ba kusa ba, ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan don ko ce mata ka yi ana ruwa sai ta leƙa taga.

"Malam, da me ka yi hodar nan?"

"Da yuriya, Dokta. Gasa ta ake yi."

"Wato da taki. Ka gasa taki, ka zuba a ruwa, ka haska, ka samu taki. Ta ina ka san daga iska ya fito, ba daga jikin hodar ba?"

Aka yi dariya. Na ce na gwada a duhu, ba shuɗi. Ta ce ai wataƙila hasken ne ke ɓarɓasa hodar. Farfesa ya raba gardama: akwai 'yar silinda ta naitirojin mai lamba, wanda ya fi na iska nauyi kaɗan, kamar saniyar da aka yi wa shaida. A gwada da shi kafin a aika takardata mujalla a buga. In amoniyar ta fito da lambar, daga iska take. In babu, babu.

Na dawo gida ina huci. Na tarar da Oga a kan keken ɗinki, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera don kumburi. Oga nake kiranta tun farkon aurenmu, don a gidan nan ni ɗan haya ne. Ta saurare ni har ƙarshe, zare a baki, sannan ta ce, "In atamfa ba ta zuba, me ya sa take tsoron wanki?"

Na ce wato ita ma da su take. Ta ce ita da mai gaskiya take, in miƙo mata almakashi.

Cikin Oga ya fito sosai yanzu. Bayan duk shekarun nan na jira, har yau in na kalle ta sai in ji kamar aro aka ba mu.

Talata, bayan magariba

Na wanke kwalabe, na gasa sabuwar hoda. Ban gaisa da Sai-na-gani ba, na bi ta ɗaya matakalar.

Oga na fama da ciwon kai tun safe. Ta ce tana ganin wasu 'yan taurari a gefen ido. Na ce ta ajiye ɗinkin nan, ta ce saura hannu ɗaya rigar ta ƙare. Gobe in na dawo zan kai ta a duba.

Alhamis, da hantsi

Mace ce. Bakwaini. Tana kwalba.

Oga tana ɗakin sama na asibitin, na masu tsananin jinya, inda ba a shiga da takalmi.

Alhamdulillahi.

Juma'a, da azahar

Ba zan rubuta ranar Laraba ba. Na ɗauki biro sau da yawa, hannuna ya ƙi. Abin da zan iya cewa shi ne maƙwabciyarmu ta ji faɗuwar Oga, kuma ba ta tsaya neman mayafi ba. Mai motar da ya tsaya musu ko sunansa ba ta tambaya ba. Allah ya san shi.

An yi tiyata. Ba ta farka ba tukuna. Likita ya ce hutu suke ba jikinta, na karɓi maganar a haka.

Akwai wani dogon benci a ƙofar ɗakin sama, ƙafarsa ɗaya gajera ce, in mutum ya tashi sai sauran su girgiza. A nan muke zaune ni da Inna, mahaifiyar Oga, ita a wancan ƙarshen, ni a wannan. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba. In tana son gaya mini abu, bango take gaya wa: "Da an samu an kira likitan nan." Ni kuma in amsa wa bangon.

Jiya suka ce ana buƙatar jini, da yawa. Na ba da nawa, bai isa ba. Mutum ɗaya na kira a wurin aiki, don a san ba zan zo ba. Kafin la'asar sai ga motar sashe cike: malamai, ɗalibai, har da mai gadin ƙofarmu. Suka yi layi a ƙofar ɗakin ɗibar jini suna tsokanar juna wa ke tsoron allura. Hannu kawai na riƙa ba su.

Ta ƙarshe da ta fito, auduga a lanƙwasar hannu, Sai-na-gani ce. Ashe jininsu ɗaya da Oga, irin wanda ba a cika samu ba. Na soma godiya, ta katse ni.

"Malam, ka ci abinci?"

Na ce na ci.

"Ban gani ba," in ji ta, ta ajiye mini leda a benci ta wuce.

Asabar, da la'asar

Ba canji. An gode Allah.

Lahadi, da hantsi

Yaya ya zo daga ƙauye, ya bar gona a tsakiyar noma. Bai yi mini dogon jaje ba, zama kawai ya yi kusa da ni har bencin ya daidaita. Can ya ce, "To ɗan iska, ya aikin iska?" Haka yake ce mini tun ranar da na gaya masa daga iska zan samo masa taki. Na yi dariya, Inna ma ta rufe baki da mayafi. Rabona da dariya tun Talata.

Na kai shi ya ga yarinyar ta gilashi. Duk tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa tafi ba. Fatarta kamar takardar shayi, ana ganin jijiyoyi. Amma tana harba ƙafa kamar mai jin haushin wani. Yaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ta zo da niyyar zama. Na san irin shukar da ke kamawa."

Ban san ko ya sani ba. Na riƙe maganar dai.

Sistar ɗakin jarirai, wata doguwa mai muryar maza, ta bar ni na sa hannu ta ƙofar kwalbar bayan na wanke har gwiwa. Yarinyar ta kama ɗan yatsana. Ba zan iya kwatanta nauyin riƙon ba, babu ma'aunin da ke ɗakin gwajinmu da zai auna shi.

Litinin, da azahar

Sai-na-gani ta zo, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Ta ce na'urar da ke gane lambar naitirojin tana wani gari, an ba mu rana a mako mai zuwa, in ta wuce sai bayan watanni. In ba ta makullin ɗakina da yadda nake haɗa komai, ita za ta yi gwajin.

Zuciyata ta ce: kura ce za ka ba ajiyar nama. Wadda ta tsaya gaban jama'a ta ce aikinka ƙarya ne, ita za ta riƙe silindar da ba ta da ta biyu?

Kamar ta ji. Ta ce, "Ban ce ƙarya kake ba, Malam. Cewa na yi ban gani ba. In akwai shi, ba wanda zai fi ni murnar ganinsa. In babu, gara ka ji daga bakina a nan da ka ji daga bakin duniya."

Na ciro makullin daga cikin na gida. Na zauna na zayyana mata: yawan hoda, nisan fitila daga kwalba, yadda famfon iskar ke shaƙewa in ba a ɗan buge shi a gefe ba. Tana rubutawa tana tambaya, tambayoyi masu ban haushi, duk kuma masu kyau.

Da ta tafi na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ban san ina ɗauke da shi ba.

Oga: ba canji. An gode Allah.

Talata, da la'asar

Yarinyar ta yi shawara, idonta da jikinta sun koma rawaya. Sista ta ce abu ne da aka saba gani ga bakwaini. Sun rufe mata ido da wani ɗan ƙyalle, sun kunna mata shuɗiyar fitila a saman kwalba. Hasken ne ke farfasa abin da ya taru a jininta, jiki ya samu ya fitar.

Na tsaya ina tambayar Sista wane irin shuɗi ne, nawa ne ƙarfinsa, yaushe aka canza ƙwan. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Baban baby, kai likita ne ko mai gyaran lantarki?"

Na ce tsakiya.

"To tsakiya, je ka zauna. Fitilar nan ta girmi aikinka."

Na je na zauna. Shekara da shekaru ina roƙon haske ya yi mini aiki a cikin kwalba. Ban taɓa roƙonsa irin na yau ba.

Laraba, da yamma

Likita ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa. Ya nuna mini hoton kan Oga, ya faɗi wata kalma. Na san kalmar. Ba zan sa ta a nan ba.

Bai ce in cire rai ba. Bai ce kar in cire ba. Mutumin kirki ne, ya bar ni na zauna har na iya tashi.

Na dawo benci. Ina jin fuskata ce ta faɗi abin da bakina bai faɗa ba, don Inna ba ta tambaya ba. Ta buɗe kwano, ta turo shi har tsakiyar bencin. Sannan ta juyo, ta dube ni, ni ɗin, ba bango ba.

"Ɗan nan, ci. Ni na haife ta, na san taurin kanta. Ba ta gama da kai ba."

Na ci. Hawaye na zuba a ciki, na ci abina.

Alhamis, da hantsi

Ba canji.

An gode Allah. Na rubuta don hannuna ya saba, yau zuciyar tana baya tana biyowa.

Juma'a, da azahar

Na je gida ɗauko kaya. Rigar tana nan a kan keke yadda ta bar ta, allura a tsakiyar hannun. Maƙwabciya ta share ɗakin, ta wanke abin da ya kamata a wanke, amma ba ta taɓa keken ba. Na gode mata da wannan fiye da sharar.

Ina kulle ƙofa sai ga mai rigar. Na ce ta yi haƙuri, bari in ciro mata ta kai wa wani tela. Ta ce, "Haba Malam. Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Ba inda za ni da ita." Ta juya da sauri don kar in ga idonta.

Daga nan ƙafata ta kai ni wurin aiki ba da shawarata ba. Na kusa kasa gane ɗakina. Sai-na-gani ta fitar da komai, ta wanke kowace kwalba da ruwan da ta tace da kanta. Ta hana a goge ƙasa da maganin da aka saba, ta ce akwai amoniya a ciki. Ta gwada safar hannuna, akwai. Ruwan famfo, akwai. Ta sa takunkumi, ni ma ta miƙo mini tun daga ƙofa, wai har numfashin mutum yana ɗauke da ita. Iskar mai lamba ma ba ta yarda da ita ba, sai da ta bi da ita ta cikin ruwan tsami ta wanke kafin ta shiga kwalba.

Fitila na kunne, hodata na juyawa a ruwa, rawaya kamar ƙwaiduwa. Ta kyautata mata fiye da yadda na taɓa yi.

Na ce, "Dokta, duk wannan wahalar don ki kayar da ni?"

Da wasa na faɗa, amma ba duka ba ne wasa. Ba ta ɗago ba.

"An ce kana da wa manomi. Wata rana shi za a ce wa ga kwalba, ga rana, ba sai ka jira motar taki ba. In abin bai tabbata ba, ba ni da kai za mu kwana da yunwa ba." Ta buge famfon a gefe, daidai inda na gaya mata. "Ya mai jiki?"

Na ce da sauƙi.

"Malam."

Na ce ba canji.

Ta ce, "To. Koma wurinta. Nan akwai mutum."

Asabar, da la'asar

Ina yi wa Oga hira kamar kullum, don Sistar sama ta ce masu irin halinta suna ji. Na ba ta labarin mai riga, da na safar hannu, da yadda Inna ta yi mini magana ido da ido. A kan maganar Inna ne na ji yatsunta na dama sun motsa a cikin hannuna.

Na kira nas. Ta ce wani lokaci jiki kan yi haka da kansa. Na ce to. Amma ni na san matsar Oga. Haka take yi mini a cikin mutane in na fara zuba.

Lahadi, da sassafe

Ta buɗe ido.

Litinin, da azahar

Sun cire mata bututun maƙogwaro. Muryar kamar ta wadda ta kwana tana ihu, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, wasu a karkace. Ba ta tuna komai daga safiyar Laraba. Na ce ba ta yi asarar komai ba.

Hannunta na dama ya sauka kan cikinta, ya tsaya. Na ga tsoron ya taso mata tun daga ƙirji. Na yi maza na ce, "Tana nan. Mace. Tana ƙasa, tana ba ma'aikata wahala."

Ta rufe ido, hawaye ya gangara cikin kunnenta. Inna ta goge da bakin mayafi tana ta faɗin abin da ban ji ba.

Ɓangaren hagu bai tashi tare da ita ba. Hannun yana kwance inda aka ajiye shi. Likita ya ce a ba shi lokaci da motsa jiki, wani yakan dawo, wani rabi. Da hagu take tura yadi a keke. Ba wanda ya ambaci wannan, ita ma ba ta ambata ba.

Alhamdulillahi. Yau zuciyar ce a gaba, hannu na biyo ta.

Talata, bayan magariba

Zazzaɓi ya rufe ta. Sun ce ba za a kai ta wurin yarinyar ba sai ya sauka, ba za a kuma hawo da yarinyar ba. Bene ɗaya ne tsakaninsu. Ni ne ɗan aike, in ɗauki hoto a ƙasa in hau da shi, in ɗauki muryarta a sama in sauko in kunna a bakin kwalba. Sista ta ce tun da take ba ta taɓa ganin masinja mai digiri irina ba.

An kashe shuɗiyar fitilar. Rawayar ta washe. An cire ƙyallen, na ga idonta duka biyu a buɗe, tana kallon duniya kamar ba ta gamsu ba.

Alhamis, da la'asar

Sai-na-gani ta dawo daga garin da na'urar take, ko gida ba ta biya ba. Ta kira ni na sauko wurin ajiye motoci. Muka tsaya a inuwar wata bishiya, ta shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin wata mota.

Na san yadda ake karantawa. Amoniyar da ta fito daga naitirojin na gama-gari tsini uku take yi a zanen. Mai lamba, tsini biyu.

Uku na fara gani. Dogaye, tsaye kamar turakun rumfa. Hodata ce ke cin kanta a ƙarƙashin haske, tana ba ni nata naitirojin, ni kuma ina ta murna ina ɗaukar hoto. Shuɗin nan da na nuna wa jama'a, kusan dukansa daga nan yake. Na tuna shekarun da na zuba, da hutun da na hana Oga, da alkawarin da na yi wa Yaya.

"Ba ka gama dubawa ba," in ji ta. Ta sa farce a tsakanin dogayen.

Guda biyu, gajeru, kamar shukar da ta kwana biyu da tsira. Sai ka sunkuya za ka gan su.

"Na maimaita. Na yi a duhu, babu su. Na yi ba hoda, babu su. Na gwada iskar ita kaɗai, babu su. Sai an haɗa hoda da haske da iskar suke fitowa." Ta cire tabarau ta goge. "Kaɗan ne, Malam. Ko tukunyar fure ba zai ciyar ba. Amma daga iska yake. Na gani."

Ban san lokacin da na zauna a kan dakalin ba. Ina jin kunya, ina jin daɗi, na rasa wanne zan fara ji. Na ce da takardar ta fita yadda take fa? Ta ce da wani a wata ƙasa ya gano, kuma shi ba zai zo ya same ni a inuwa ba.

Ta ce akwai farar hodar nan da ake sa wa fenti, ita ma tana jin haske, kuma babu naitirojin a jikinta ko kaɗan, ba ta da abin da za ta yaudare mu da shi. In an yi mata 'yan gurɓi a fuska, wataƙila ta kama iskar. Tana da tanda, ina da fitila. In na dawo mu gwada tare.

Na ce, "Dokta, ban san da bakin da zan gode miki ba."

Ta ce, "Da wanda za ka kira Farfesa da shi. Ni ba zan kira maka ba."

Na kira shi a nan tsaye. Na ce a dakatar da takardar, za a sake rubuta ta da ƙaramin adadi. Na san ya riga ya yi ta yaɗa labarin a wurare. Ya ja numfashi ya ce ƙaramar gaskiya ta fi babbar kunya, in gaishe da mai jiki.

Juma'a, da hantsi

Zazzaɓin ya sauka. Na ba Oga labari duka, ban rage ba. Ta saurara, ido a rufe, har na zaci ta yi barci. Sai ta ce, a hankali, tana neman kowace kalma:

"Kaɗan ɗin. Naka ne?"

Na ce nawa ne. Namu, ni da Dokta.

"To riƙe."

Na kira Yaya ma. Na ce takin iska sai ya ƙara haƙuri, ba bana ba, ba baɗi ba. Ya ce shi da ma bai cire taki daga lissafinsa don ni ba, amma ya ware mini kunya biyu a gefen gona, suna nan ko shekara nawa ne. Wai kar ɗan iska ya rasa wurin gwaji.

Lahadi, da yamma

Mai koyar da motsa jiki ta zo. Kafaɗar ta ɗaga kaɗan. Yatsun shiru. Oga ta yi gumi kamar ta yi dakan yini, ba ta yi kuka ba sai da matar ta fita. Na bar ta ta yi. Gobe za a sauke ta ƙasa.

Litinin, da hantsi

Ni na tura keken guragun, Inna na biye da mu da zani a kafaɗa. Oga ta sa an ɗaura mata ɗankwali, ta ce ba za ta je wurin baƙuwa kai ba ɗauri ba.

Sista ta sa mu wanke hannu, ni na wanke wa Oga na hagun. Ta buɗe kwalbar, ta zare wayoyin da za a iya zarewa, ta ɗauko yarinyar kamar mai ɗauko ƙwai, ta kwantar a ƙirjin uwarta, fata da fata. Inna ta lulluɓe su.

Yarinyar ta yi ɗan mutsu-mutsu, ta lafe. Oga ta tallafe ta da dama, ta sunkuyar da kai tana shaƙar ƙamshinta. Na ɗauki hannun hagun na ɗora a kan 'yar hular da ke kan yarinyar, don shi ma ya samu rabonsa.

Can Oga ta ɗago ta ce, "Kunnuwanka ne."

Na ce haka aka ce.

"Allah ya ba ta haƙuri."

Sista ta fashe da dariya har wani jariri ya farka. Ni kuwa idona na kan hannun. Babban yatsan ne. Yana tafiya a hankali a bakin hular, yana bin ɗinkin, ya tsaya, ya koma baya. Na taɓa Inna, abin da ban taɓa yi ba, na nuna mata. Ta dafe baki.

Oga ba ta ma lura ba. Ta haɗe gira.

"Wa ya ɗinka wannan?"

Na ce saye na yi a bakin asibiti.

"Kalmasar a karkace take. Kawo mini allura."

Sista ta ce ba a shigo da allura ɗakin nan sai tata. Oga ta yi tsaki, rabin baki, ta ce to gobe.

Na ce Allah ya kai mu. Tun da nake faɗar kalmar nan a rayuwata, ban taɓa nufinta irin na yau ba.